Nawa Aka Turo Wa Ƙaramar Hukumarmu? A Liƙa Mana a Bango

An gama girbi, sanyi ya shigo, bukukuwa sun yi yawa kamar yadda aka saba duk ƙarshen shekara. A wani suna da aka yi a ƙauyenmu, can yankin Haɗejiya, an shafa fatiha ana rabon goro da dabino sai ga kansilan mazaɓarmu ya iso a kan babur. Aka matsa masa a tabarma. A gefe rediyon wani yana ta zuba, wani sojan baka ne ke jera nasarorin shekara: hanya kaza, ajujuwa kaza, tallafi kaza.

Wani dattijo da ba ya ɓoye abin da ke ransa ya dubi kansilan ya ce, "Honarabul, ɗan nan, tambaya ɗaya gare ni. Watan jiya nawa aka turo wa ƙaramar hukumarmu daga Abuja?"

Kansila ya yi 'yar dariya, ya gyara zaman hula. "Wallahi Baba, yadda kake ji a rediyo haka ni ma nake ji."

Aka bushe da dariya, hira ta koma kan farashin riɗi. Ni kam abin bai ba ni dariya ba. Na san mutumin, ba ya ƙarya, kuma nan ne matsalar take. Wanda aka zaɓa don ya zauna a majalisa ya amince da kasafin kuɗi, ya sa wa ciyaman ido, shi ne bai san abin da ya shigo ba. To ina ga mai faskare da mai tallan fura?

A wannan lokaci na shekara kowace gwamnati tana bugun ƙirji cewa ƙofarta a buɗe take, ba ta ɓoye wa jama'a komai. Ra'ayina a kan wannan gajere ne. Duk wata, kowace ƙaramar hukuma ta fitar da takarda ɗaya da Hausa, da boko da ajami, ta liƙa a bangon sakatariya, da ƙofar hakimi, da bakin kasuwa. A rubuta abin da aka turo daga Abuja, abin da aka zare kafin ya iso da sunan wanda ya zara, abin da aka tara a kasuwanni da tashoshi, sai abin da aka kashe, aiki-aiki, gari-gari. Gwamnatin da ta kasa yin wannan, ta daina ce mana ƙofarta a buɗe take.

Kuɗin da ake magana a kai

Duk wata ana zama a Abuja a raba kuɗin arziƙin ƙasa. A tsarin rabon, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. Kano tana da 44 a ciki, Jigawa tana da 27. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, yawan nairorin da ake rabawa ya ƙaru ƙwarai. Gwamnoni da kansu suna faɗa.

Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana biyowa ne ta asusun haɗin gwiwa da jiha, wanda sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanada. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a daina, a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa doka. Aka yi ta murna a rediyo. Daga nan aka kafa kwamiti, aka shiga zancen buɗe asusu a Babban Bankin Ƙasa, aka shiga ja-in-ja. Wannan ya ce an fara, wancan ya ce ba a fara ba, wani gwamnan ya ce shi dama can bai taɓa taɓa kuɗin kowa ba.

Wa ya fi gaskiya a cikinsu? Mu da ke ƙauye ba mu da abin aunawa. Da a ce gobe da safe kuɗin zai faɗo kai-tsaye cikin asusun ƙaramar hukumarmu, ba za mu sani ba. Da a ce za a ci gaba da zarewa, nan ma ba za mu sani ba. Shi ya sa ban cika zaƙewa a kan maganar 'yancin ƙananan hukumomi ita kaɗai ba. Ana iya ƙwace mabuɗi daga hannun gwamna a miƙa wa ciyaman, ɗakin ya ci gaba da zama a kulle.

"Ai an sa komai a intanet"

Wannan ita ce amsar da 'yan boko suka fi ba ni, kuma akwai gaskiya a ciki. Tun zamanin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi a gwamnatin Obasanjo aka fara buga kason jihohi da ƙananan hukumomi a jaridu. Yanzu ma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton rabon. Daga 2018 kuma wani shiri na Bankin Duniya mai suna SFTAS ya riƙa ba jihohi tukwici idan suka wallafa kasafinsu da rahoton binciken kuɗinsu a kan lokaci, jihohi suka yi ta rige-rige.

Madalla. Amma ka ɗauki wayar ka gwada buɗe irin waɗannan takardu a garin da sai ka hau tudu kafin sabis ya kawo. Shafuka ne ɗaruruwa, da Turancin akantoci, lambobi ƙanana kamar tururuwa. An shirya su ne don idon mai ba da tukwici a Abuja da Washinton. Manomin Auyo ko na Ɓagwai ba ya cikin lissafin wanda ya tsara su.

Ko ka daure ka karanta, abin da za ka samu shi ne adadin da ya baro Abuja da kuma abin da aka yi niyyar kashewa. Tsakanin baro Abuja da isowa hannun ma'ajin ƙaramar hukuma, nan ne zancen yake, kuma nan ne ba ka da takarda. Sannan kasafi alkawari ne kawai. Sau nawa aka sa gyaran asibitin sha-ka-tafi a kasafi shekara uku a jere, jemagu na nan suna kwana a silin ɗinsa?

"Talaka bai iya lissafi ba, bai ma damu ba"

Duk wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a kwamitin ginin masallaci ba. A garinmu, lokacin da ake faɗaɗa masallacin Juma'a, bayan an sallame salla ma'aji yakan miƙe da ɗan littafinsa ya karanto: an tara kaza, wane ya ba da buhun siminti kaza, an biya magina kaza, saura kaza. Ranar da ya yi tuntuɓe a kuɗin yashi, wani tsoho da bai taɓa shiga aji ba ne ya ɗaga murya daga sahun baya ya ce, "Malam, makon jiya ba haka ka faɗa ba." Aka koma littafi, aka ga tsohon ne da gaskiya. Kuskuren alƙalami ne, aka gyara, ba wanda ya yi fushi. Mutumin da yake riƙe da lissafin buhunan taki, da bashin ɗan kasuwa, da kuɗin 'yan ƙwadago duk a kansa, ba lissafi ne zai gagare shi ba.

Maganar rashin damuwa kuwa tana da tushe, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Iyayenmu da suka ga zamanin En'e suna ba da labarin haraji da jangali: dagaci da mai unguwa su bi gida-gida, wanda ya biya a yanka masa rasit, wanda ya kasa ya sha rana ko ya bar gari da dare. A kan irin wannan danniya NEPU ta su Malam Aminu Kano ta tashi a 1950, kuma gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ce ta soke harajin da jangalin a 1979, lokacin Jigawa tana cikin Kano. Babu mai kewar wancan zamani. Sai dai tun daga nan wani tunani ya zauna a zukatan mutane, cewa kuɗin hukuma na hukuma ne, daga rijiyoyin mai yake zuwa, ba gumin kowa ba ne. Idan ciyaman ya haƙa famfon tuƙa-tuƙa sai a tafi godiya da maroƙa, kamar daga aljihunsa ya ciro.

To ai gumin namu ne. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki bayan cire tallafi, daga baya ma ta tsallake 1,000. Mai noman rani da ke ɗura wa injin ban-ruwa mai safe da yamma, da ɗan acaɓa, da matar da kuɗin niƙa ya ninka mata, su ne suka biya ƙarin da ake rabawa a Abuja. Ga harajin kayayyaki na kashi 7.5 da yake laɓe a cikin katin waya da sauran abin da muke saya a kanti. Ga masu rasit a bakin kasuwa, akuya da kuɗinta, buhu da kuɗinsa, rumfa da kuɗinta. Ranar kasuwa ka tsaya ka ga yawan rasit ɗin da ake yankawa, sannan ka duba kwatar da ta cika da shara a bayan 'yan nama. Dagaci ya daina zuwa ƙofar gida, amma karɓa ba ta tsaya ba.

"Ciyamomi ba abin yarda ba ne, gara gwamna ya riƙe"

Wannan ce hujjar da na fi girmamawa, don masu faɗarta ba duka ne 'yan amshin shata ba. Tsofaffin malaman firamare suna tuna lokacin da albashinsu yake hannun ƙananan hukumomi, aka riƙa kwashe watanni ba a biya ba, makarantu suka zauna a rufe. Suna tsoron a koma gidan jiya. Kuma gaskiya ne cewa babban kaso na kuɗin ƙaramar hukuma a albashi yake tafiya: malamai, ma'aikatan lafiya, 'yan fansho, ga kason masarautu.

Akwai kuma ayyukan da suka fi ƙarfin ƙaramar hukuma ɗaya. Mu mutanen bakin kogin Haɗejiya mun fi kowa sanin wannan. Ruwan da ke cinye mana gonaki daga Kano yake tasowa, ta madatsar Tiga da ta Challawa, ya biyo ta Wudil da Ringim ya sauko Auyo da Haɗejiya har Guri. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya cike kogi, damina ta yi ƙarfi sai ruwa ya nemi hanya ta cikin gari. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ba sai an ba shi labari ba. Babu ciyaman ɗin da zai yashe kogin nan shi kaɗai. Dole a haɗa kuɗi, dole jiha ta shigo, har da hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are.

Na yarda da duk wannan. Amma a duba da kyau, babu ko ɗaya a cikin hujjojin nan da ya hana a rubuta. An zare kaza don albashin malamai? A rubuta, a kuma rubuta yawan malaman, mu ga ko ya yi daidai da waɗanda muke gani a aji. An zare kaza don aikin haɗin gwiwa? A faɗi aikin da inda yake. Idan na yasar kogi ne, mu da muke zaune a bakinsa za mu san ko injin ya zo ko bai zo ba. Wanda yake zarewa don alheri, takardar nan kariya ce gare shi, don a halin da ake ciki yanzu kowa ɓarawo ne a bakin mutane, mai gaskiya da maras gaskiya.

Kuma idan ciyamomi ba abin yarda ba ne, wa ya kawo su? A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na Janairun 2021 APC ce ke mulki, ta cinye kujeru 44 cif. A Oktoban 2024 NNPP ce ke mulki, ita ma ta cinye 44 cif. A Jigawa ma a Oktoban 2024 ɗin APC ta kwashe 27 ɗinta. Haka abin yake kusan ko'ina a ƙasar nan, kowace jam'iyya ce. Mutanen da suka raba ƙuri'unsu a babban zaɓe, wai su ne suka wayi gari bakinsu ya zo ɗaya daga Doguwa har Kunci. Ɗauki-ɗora ake yi, kowa ya sani. Wanda aka ɗora kuwa ya san inda zai kai gaisuwa. Ba daidai ba ne mutum ya zaɓo yaransa da hannunsa, sannan ya juyo ya ce mana yaran ba su da amana, a bar masa kuɗin.

Wasu na cewa a karɓe zaɓen daga hukumomin zaɓe na jihohi a ba INEC. Wataƙila ya rage. Ni dai na ga zaɓukan da INEC ta shirya aka sayi ƙuri'a da taliya da atamfa a gabana, don haka ban ɗauke shi maganin komai ba, kuma sai an gyara kundin tsarin mulki kafin a kai can. Liƙa takarda ba ya jiran gyaran kundi. Ciyaman ɗaya mai zuciya zai iya farawa a watan gobe.

"Za a tayar da fitina"

Wani ma'aikacin sakatariya da muke mutunci ya ce min, "Yallaɓai, ranar da mutane suka ga miliyoyin nan a rubuce, wallahi ba za mu kwana lafiya ba. Kowa zai zo da takardar asibiti da ta haihuwa."

Ai yanzu ma suna zuwa. Je ka ƙofar gidan kowane ciyaman da asuba ka gani, shi ya sa da yawansu suka tare a Dutse da Kano, sai ƙarshen wata ake ganin motarsu. Mutane suna zuwa ne don sun ɗauka kuɗin ba shi da iyaka kuma ba shi da mai shi. Jita-jita kullum ta fi ainihin adadin girma. Da za su ga cewa bayan albashi abin da ya rage kaza ne, kuma an riga an ware shi ga kwalbatin gari kaza, da mutanen garin ne da kansu za su hana a rabar da shi a ƙofar gida.

A nan sai na ɗan karkata kan sojojin baka. Muna alfahari cewa a Kano da Jigawa akwai 'yancin magana, kowane dare gidajen rediyo cike suke da siyasa. Gaskiya ne, kuma ba na so a taɓa wannan 'yanci. Amma saurari abin da ake faɗa: wane butulu ne, wane ya ci amanar ubangidansa, wane sarkin ne na gaskiya. Tun daga 2019 rigimar masarautar Kano ta cinye sa'o'in rediyo da ba su ƙirguwa. A cikinsu sau nawa ka ji an karanto kuɗin ƙaramar hukuma ɗaya? Ba laifinsu ba ne kacokan. Ɗan adawa da ba shi da takarda a hannu, zagi kaɗai ya rage masa.

Taron jama'a da sababbin hukumomi

A yaba wa wanda ya yi abin yabo. Shirin Gwamnati da Jama'a da Gwamna Umar Namadi ya zagaya ƙananan hukumomin Jigawa da shi mataki ne mai kyau, don gwamna ya zo garinku ya zauna ya ji ya fi a ce sai kun yi hayar mota zuwa Dutse. Sai dai irin wannan taro, a ko'ina aka yi shi, yakan zama wurin miƙa koke: muna roƙon hanya, muna roƙon taransifoma. Mai roƙo ba ya tambayar lissafi. Da a ce mutane sun shiga rumfar da takardun wata goma sha biyu a hannu, da tambayoyin sun canza.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ana ta ƙara hawa a saman ginin alhali na ƙasa duhu ne. A 2024 an kafa Hukumar Raya Arewa Maso Yamma, ga ma'aikatar raya yankuna a Abuja. Ina yi musu fatan alheri. Amma idan ba mu iya sanin abin da ke faruwa a sakatariyar da muke zuwa da keke ba, yaya za mu yi da hukumar da ta haɗa jihohi bakwai? Mun ɗanɗana yadda ake yanke hukunci daga sama. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, kasuwar Maigatari da ke cika duk Alhamis da shanu da raƙuma ta yi sanyi, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mai ra'ayin rufewa da mai ra'ayin buɗewa duk suna da abin faɗa. Amma dillalan kara da ke ci daga wannan kasuwa, a rediyo suka ji, kamar kowa.

"Sai su rubuta ƙarya"

Za su iya. Wasu ma za su yi. Amma ƙaryar da aka rubuta aka sa hannu aka buga hatimi daban take da wadda aka faɗa a lasifika. Idan takarda ta ce an gina kwalbati a hanyar garinmu a watan Maris, mu ne muke tura amalanke ta cikin wannan laka, kuma ga sunan ɗan kwangila a rubuce. Yaro mai waya zai ɗauki hoton takardar da hoton wurin ya jera su. Akwai ICPC da EFCC, a Kano akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha, kuma dukkansu sun fi saurin motsi idan aka kai musu takarda maimakon "an ce".

Idan an ƙi liƙawa kuma, akwai hanyar tambaya. Dokar 'yancin samun bayanai da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalili ba, a ba shi amsa cikin kwana bakwai. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, har Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2025 cewa ta hau.

Na san abin da zai hana mutum ɗaya rubutawa. Ƙaninsa yana aikin wucin gadi a sakatariya, sunansa yana jerin masu jiran taki, kuma gobe dagaci zai aiko a kira shi a tambaye shi wa ya sa shi. A ƙauye ba a ɓuya. Don haka wasiƙar ta fito daga ƙungiya: ƙungiyar ci gaban gari, ko ta manoman shinkafa, ko ta ɗalibai da suka dawo hutu, da sa hannun mutum ashirin ko talatin, har da limami idan ya yarda. A kai kwafi biyu, a sa magatakarda ya buga hatimin karɓa a kan ɗaya a dawo da shi. Tambaya uku ta isa a karon farko: nawa ya shigo asusun ƙaramar hukuma daga Janairu zuwa Disamba, nawa aka zare kuma da sunan me, sannan waɗanne ayyuka aka biya kuɗinsu a mazaɓarmu.